Sunan da Iya Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Ko da tsufa zai zo ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, akwai wani hantsi a tsakar gidanmu na ƙauye da na tabbata ba zai iya ɗauka ba. Shekaru sun ja tun da abin ya faru, wadda ta zame mana madogara a ranar ma ta daɗe da komawa ga Mahaliccinta, amma har gobe in na rufe ido ina ganin ta zaune a kan tabarma, hannunta yana lalubar gefen mayafi.

A wancan lokacin ni ne mai ɗaukar bidiyon biki a Gumel. Ba yabon kai ba, daga Gagarawa Tasha har Maigatari, in ana biki ko saukar karatu ko walimar dawowa daga aikin hajji, da wuya ka rasa ni a wurin da kyamara a kafaɗa. Abin da nake taƙama da shi kuwa shi ne baki. Na sa amaren da ko ɗaga kai ba sa yi sun ƙyalƙyale da dariya. Na sa dattawan da suka rantse ba za a ɗauki hotonsu ba sun gyara rawani sun ce in sake, na farkon bai yi kyau ba. Don haka da aka ce mini akwai tsohuwar da ake so ta yi magana, dariya na yi, tunda tsohuwar ma kakata ce.

Ga yadda abin ya taso. Ƙauyenmu yana kusa da Ɗanzomo, kuma kusan duk wanda ke cikinsa jinin mutum ɗaya ne, wani bawan Allah da ya sauko daga wajen Damagaram ya haƙa rijiya ya zauna. A damunar waccan shekarar ƙanin kakana ya rasu, shi ne namiji na ƙarshe a sahunsu. A wajen zaman makoki aka shiga hirar wa ya haifi wa, sai gardama ta kaure, kowa na jan nasa. Aka waiga a tambayi mai raba gardama, sai aka tuna ai shi ne aka binne. Baffana, yayan mahaifina, wanda ya yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare, bai bar abin ya wuce haka ba. Kafin a gama girbi ya tara 'yan uwa na gida da na birni, aka kafa ƙungiyar tarihin zuri'a, aka yanke shawarar a bi tsofaffin da suka rage a ɗauke su a bidiyo tun suna da baki.

Abin da ya fi ci wa Baffa rai shi ne mutumin da ya kafa garin. Kowa ya san shi da Mai Rijiya. Rijiyarsa tana nan, har yau ana jan ruwa a cikinta. Amma sunansa na yanka, wanda aka raɗa masa, babu namiji ko ɗaya da ya san shi. Saboda girmamawa aka daina kiran sa tun yana raye, laƙabi ya danne suna, har sunan ya nutse. Baffa ya ce abin kunya ne a ce muna shan ruwan mutum, muna noma gonarsa, amma in mun tashi yi masa addu'a ba mu san wa za mu ambata ba. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta san sunan, ita ce mahaifiyar Baffa, kakata, wadda muke kira Iya. Ita kuwa tun damuna ƙafafunta suke kumbura, muryarta tana ta ja baya.

Na bar matata a Gumel da tsohon ciki, na ɗaure kyamara a bayan babur na nufi gida. Na tarar da Iya a gindin darbejiya tana tsinke zoɓo cikin faifai.

"A'a, angona, yau kai ne a gari?" in ji ta. "Wane irin miji ne kai, sai an yi mutuwa ake ganin ka? Ina cefanena?"

"Ga goronki nan, amarya. Yau fim zan sa ki, duk Gumel ta ga irin matar da na aura."

"Ka rufa wa kanka asiri dai."

Na kafa kyamara, na maƙala mata ƙaramin abin magana a bakin mayafi. Baffa bai shigo ba, yana tsaye a bayan zana. Shi ne ɗanta na fari, kuma tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune. Mutum ne da ya yi furfura, ya yi jikoki, amma in yana da magana da uwarsa sai ya aiko wani.

Iya ta buɗe baki, labari ya dinga zuba. Ta faɗi yadda Mai Rijiya ya zo a shekarar yunwa da jaki ɗaya da matarsa, yadda rairayi ya riƙa rufta masa yana sake haƙawa, yadda Fulani suka fara sauka da shanunsu da ruwa ya fito. Ina jin ta ina murna, ina cewa a raina aikin nan ai ya ƙare. Sai muka zo kan haihuwa.

"To shi wancan ya haifi wancan da wancan," in ji ta. "Wancan na biyun shi ya haifi mai gidan nan, Allah ya jiƙan sa."

"Iya, wane ne wancan?"

"Wancan mana."

"Sunansa nake so."

Ta ajiye faifan ta dube ni sai ka ce na miƙa mata fura da tsakar rana a watan azumi.

"Kai, ashe ba ka da kunya? Surukina? A bakina? Kuma a cikin wannan akwatin naka da za a kai birni kowa ya ji?"

Wallahi ban taɓa kawo wannan a lissafi ba, ni da na tashi a gidan. Matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji, ba sa faɗin na surukai, ba sa faɗin na ɗan fari. Duk wanda muke nema a bakin Iya yana cikin waɗannan. Na tambaye ta to yaya aka yi ma ta san sunayen. Ta ce satin da aka kawo ta amarya, zabiyar da ke yi wa gidan waƙa, wadda ita bakinta ba shi da shamaki, ta zaunar da ita a ɗaki ta jero mata su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta riƙe su da kyau don kada wata rana ta yi tuntuɓe da ɗaya a cikin magana.

"Na kuwa riƙe," in ji Iya. "Ko guda bai faɗi ba, ko guda kuma bai fito ba."

Babu dabarar da ban yi ba a yinin nan. Na kashe kyamara na ce ta raɗa mini a kunne. Ta ce kunne ai ba shi da murfi. Na ce ta faɗa wa wata mace, ita kuma ta faɗa mana. Ta ce da wane bakin za ta faɗa wa macen? Na yi shagwaɓa, na yi fushin ƙarya, na ce zan sake ta in auri 'yar birni. Ta ce hanya a buɗe take. Daga bayan zana Baffa ya ɗaga murya.

"Ka gaya mata na tambayi malamai, sun ce babu zunubi a ciki."

Iya ba ta ko juya ba. "Ka gaya wa mutumin nan na sani. Ai ba don tsoron wuta na bari ba."

Na naɗe kayana jikina a sanyaye. Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Baffa a zaure wannan wace irin al'ada ce da za ta sa a binne sunan mutum tare da tsohuwa? Sai ya cire hula yana juya ta a hannu.

Washegari Juma'a ce, babu makarantar allo, 'yan kasuwa ma sun dawo daga Maigatari. Da sassafe aka ce Iya tana kira na. Na same ta ta yi wanka ta sa sabon mayafi.

"Kafa akwatin naka," ta ce. "Ka sa a tara mini kowa, babba da yaro."

Kafin hantsi tsakar gida ta cika. Iya ta ɗauki sandarta tana nuna mutane, tana cewa kai zo nan, ke koma can. Da farko ban gane abin da take yi ba, sai da na lura da waɗanda take zaɓa. Duk masu laƙabi ne: Abba, Baba ƙarami, Ummi, Dada, Maigida. Ai kuwa! A gidanmu in babba ya rasu ana mayar da sunansa ga jaririn da aka haifa, sannan a lulluɓe sunan da laƙabi don kada a riƙa kiran sa gatsal. Ashe sunayen da muke ta haƙilo a kansu suna nan suna yawo a tsakar gida, wasu ma ko wando babu.

Ta jera su sahu-sahu, ba bisa shekarunsu ba, bisa matsayin masu sunan. Wani ɗan uwana, ƙaton dillalin shanu mai gemu, ya tsinci kansa a bayan wani ɗan yaye mai majina.

"Wannan," in ji Iya, ta ɗora sanda a kan ɗan yayen, "shi ya haifi wannan." Ta nuna dillalin.

Gida ya ɗauki dariya. Dillalin ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana?" Yaron ya fashe da kuka.

Haka ta bi su. In ta nuna mutum sai ta faɗi wanda ya haifa, da wadda ya aura, da inda ya yi ƙaura, da ciwon da ya yi ajalinsa, shi kuma wanda aka nuna ya dubi kyamara ya faɗi sunansa na yanka. Wasu yaran ma ba su san nasu ba. A juya wajen iyayensu mata, su ma su rufe baki suna dariya, don su ma surukan gidan ne. Sai uba ko yaya ya faɗa. Ina ɗauka ina jin tsigar jikina tana tashi, don ban taɓa ganin an shimfiɗa zuri'a a ƙasa ana kallon ta da ido ba. Ko sau ɗaya Iya ba ta yi tuntuɓe ba.

Da ta gama sai ta ce a ɗauko mata guga. Aka kawo, ta sa aka ajiye shi a can gaba, a saman sahun farko, inda babu kowa.

"Nan wurinsa ne," ta ce. "Ba shi da takwara."

Ta ce a da can an mayar da sunan, yaron bai zauna ba. Aka sake mayarwa, shi ma ya koma. Daga nan mutanen gidan suka tsorata, aka ce sunan ya yi wa jarirai nauyi, ba a ƙara gwadawa ba. Dariyar da ake yi ta ɗauke. Muka tsaya muna kallon tsohon guga a ƙasa, ga jikoki da tattaɓa-kunne sun cika gida a bayansa. Na ji motsin Baffa yana barin bayan zana.

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna da shi a zaure, na buɗe ɗan allon kyamarar muna kallon abin da aka ɗauka. A nan ne aikina ya yi mini rana. Lokacin ɗauka hankalina yana kan masu faɗin suna, amma Iya tana gefen hoton. Da wani yaro ya faɗi sunan kakana, mijinta, sai na ga hannunta ya tashi ya jawo mayafi ya rufe fuska. Aka wuce, ta saki. Da aka zo kan sunan surukinta, hannun ya sake tashi. Sunayen da ba ruwanta da su kuwa, ko gezau. Can sai ga takwaran Baffa, wanda aka sa wa sunansa tun yana da rai, ya faɗi nasa sunan, mayafin ya sake rufe fuska, har da sunkuyar da kai.

"Mayar da shi baya," in ji Baffa.

Na mayar. Ya kalla, ya ce in ƙara. Ban san sau nawa muka maimaita wurin ba. Mutumin da bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba yana kallon abin da sunan ke yi mata. Na ga ya sa hannun riga yana share ido, sai na yi kamar ina gyaran batir.

Da safe na je na zauna kusa da Iya. Ban so in yi mata kwanton ɓauna ba, don haka na faɗa mata gaskiya.

"Iya, zan kira liman ya zo ya jero sunayen maza. Ba za ki ce komai ba. Ba za ki ɗaga kai ba, ba za ki nuna ba. Zama kawai za ki yi."

Ta daɗe tana kallo na. Ta gane sarai, Iya ba ta da wauta ko ta anini. Ta ɓare goro ta jefa a baki.

"Zama ai ba laifi ba ne," ta ce.

Liman ya zo da hantsi, aka shimfiɗa masa buzu nesa kaɗan. Na saita kyamara a kan fuskar Iya ita kaɗai. Mata suka taru a bakin madafa, maza a bayan zana. Liman ya yi bisimilla ya fara da sunayen annabawa, yana faɗa yana dakatawa. Iya tana tauna goronta. Ya shiga sahabbai, ya bi su har inda saninsa ya kai. Shiru. Ya koma kan sunayen malamai da waliyyai. Wasu sunayen in ya faɗa hannunta kan motsa, amma waɗanda muka riga muka sani ne. Rana ta fara zafi, alamar batir ta fara ƙiftawa. Na fara tunanin ko dai tsohuwar nan ta yi wa hannunta linzami ne.

Liman ya shafa gemu. "To, Allah ya sani, na ƙure," in ji shi. Ya fara tattara carbinsa. Sai kuma ya tsaya, kamar mai magana da kansa, ya ce lokacin da yake karatu a gabas akwai wani tsohon malami mai wani suna da bai ƙara jin irinsa a nan ƙasar ba. Ya faɗi sunan a hankali.

Goron ya tsaya a bakin Iya. Hannunta ya tashi, ya lalubo gefen mayafi, ya jawo shi har ƙasan haɓa. Tsohuwar da ta ga tattaɓa-kunne ta duƙar da kai kamar ranar da aka kawo ta gidan. Ni da nake bayan kyamara hawaye suka hana ni ganin allon, na dai riƙe ta kam don kada hoton ya girgiza.

Can daga ƙarƙashin mayafin muka ji muryarta. "Malam, Allah ya yi maka albarka. Ku tashi ku ba ni wuri."

Wata gwaggona ta rangaɗa guɗa. Liman ya ɗaga hannu, kuma a karon farko tun zamanin da ba wanda ya tuna, aka yi wa mutumin da ya haƙa mana rijiya addu'a da sunansa. Amin ɗin da Baffa ya faɗa daga bayan zana ya fi na kowa ƙarfi.

Ba a daɗe ba matata ta sauka, aka sami namiji. Na je wa Baffa da abin da ke raina, wato in mayar wa yaron da sunan Mai Rijiya. Ya ce in tuna da yaran nan da ba su zauna ba. Na ce na tuna, amma rai da ajali na Allah ne, liman ma haka ya ce. Duk da haka sai da na je wajen Iya, don in ta ce a'a, to a'a ce.

"Ba ka tsoro?" ta tambaye ni.

"Ina ji, Iya. Amma na fi tsoron a sake ajiye guga a wurin."

"To Allah ya raya," ta ce. "Amma ka sani ka ja mini aiki. Yanzu surukina zai dawo gidan nan, sai na riƙa gyara zama."

Ta kuwa cika alkawari. In an kai mata yaron ya rarrafo ɗakinta, sai ta jawo mayafi ta ce a ba Mai Rijiya wuri. Ta rasu yana koyon tafiya. Yau yaron yana makarantar sakandare, ya fi ni tsayi, ci kuwa sai dai a yi masa addu'a. Bidiyon yana hannun ƙungiya, an zuba shi a wayoyin 'yan uwa har na ƙetare, kuma duk shekara bayan sallah ana kunna shi a ƙofar gida yara su ga wanda kowa yake ɗauke da sunansa.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kunyar da na ɗauka ita ce za ta binne tarihinmu, ashe ita ce ta adana shi. Mazan da ke da izinin faɗin sunan sun bari ya salwanta, wadda aka hana ta faɗa ita ta riƙe shi tsawon rayuwarta. Tun daga lokacin, in na je gaban tsoho da kyamara ba na matsa masa ya amsa yadda nake so, sai in nemi hanyar da zai iya amsawa mutuncinsa yana tare da shi.

Na san mai karatu yana jira in rubuta sunan. Yana cikin bidiyo, liman ya faɗe shi, mai shi ma in ka tambaye shi zai gaya maka. Ni dai ba za ka ji shi a bakina ba, don yaron nan ɗana ne na fari.